Yadda Aka Naɗe wa Babaji Ƙasa

Duk wanda ya zauna a Ƙofar 'Yandaka shekarar da sojoji suka koma bariki ya san Babaji mai wankin hula. Rumfarsa na manne da teburin Sani mai shayi, kuma ba a taɓa tantance wanda ya fi tara jama'a ba, Sani da butarsa ko Babaji da bakinsa. Hannunsa na cikin kumfa, amma ya san abin da ake ƙullawa a Abuja, ya san ranar da ruwa zai sauka, ya san abin da ke hana jirgin sama faɗowa.

Tun ana shirin zaɓe ya yanke hukunci.

"Ku yi ta bin layi cikin rana," in ji shi. "Ni da nake wanke hulunan nan na san kawunan da ke ƙarƙashinsu. Ba mai ba farar hula mulki. In aka ba su, wallahi bana da ƙafata zan taka har Rijiyar Malam."

Rijiyar Malam wani ƙauye ne mai nisa, inda kabarin wani tsohon malami yake. Duk watan Mauludi Malam Muhyiddeen, limamin masallacin unguwa, yakan ja mutane su je ziyara a ƙasa, yini biyu da kwana a hanya. Babaji bai taɓa bin su ba. Iyakar tafiyarsa a duniya Batagarawa ce, ita ma a bayan keken wani.

Sani ya ajiye cokali ya dubi majalisa. "Kun dai ji. Da wallahi ya haɗa."

Ranar da rediyon Sani ya kawo rantsuwar farar hula, kowa ya bar kofinsa ya juyo yana kallon rumfar wanki. Babaji ko gezau.

"Mi kuke kallona? Da ma ina son zuwa. Tafiyar ƙasa gadonmu ce. Kakana da ƙafa ya je Makka."

"Kakan naka ba shi ne mai saida gawayi a bakin kasuwa ba?" in ji Sani.

"Bayan ya dawo."

Abin da ba wanda ya zata shi ne, tafiyar ta shiga ran Babaji da gaske. Ya sayi takalmin roba, ya sa aka sassaƙa masa sanda, ya samo gorar ruwa. Ya je gun Malam Muhyiddeen ya nace sai an ba shi riƙon tutar ayari, wata koriya da aka saba ɗauka a gaba. Malam ya gaji da zaryarsa ya ba shi, sannan ya yi wa matafiya nasiha cewa duk mai son ƙafarsa ta kai shi, ya samu barci sosai daren da za a tashi.

Babaji ya fito yana dariya.

"Dare guda? Malam dai karatu ya sani, bai san barci ba. Barci kamar hatsi ne, tara shi ake yi. Ni daga yau zan fara zubawa a rumbu. Ranar tafiya kuna hamma, ni ina ɗiba daga ajiya."

Daga ranar, da ya buɗe rumfa sai ya jiƙa huluna, ya shimfiɗa tabarma, ya rufe fuska da tawul. Lokacin kuwa kasuwarsa ta buɗe, don sababbin 'yan siyasa sai kawo huluna suke yi. Wata rana ya jiƙa farar hular sabon kansila cikin ruwan bula, ya ce minti kaɗan, ya kwanta tara barci. Sai la'asar ya farka. Hula ta fito shuɗiya shar kamar daga marina take.

Sani ya ɗaga ta sama majalisa ta gani. "Babaji, kai fa ka ce ba za su yi mulki ba. Ga shi tun ba su zauna ba ka kawar da farar hula."

"Yayi ne," in ji Babaji. "A Legas yanzu irin ta ake sawa."

Kansila bai yarda da yayin Legas ba. Ya kwashe sauran hulunansa ya kai wani wuri.

Matarsa Suwaiba ita ta fara ganin inda abin zai kwana. Mutumin da ya yini yana barci, da dare sai ya zauna ido bushe yana ba ta labarin hanyar da bai taɓa bi ba.

"Malam," ta ce, "wanga barcin da kake tarawa, ni dai nawa kake ɗiba."

"Ba za ki gane ba. Lissafi ne."

Ranar jajiberen tafiya ta zo. Za a tashi daga bakin ƙofar ganuwa bayan sallar asuba. Tun magariba Babaji ya kasa zama. Ya ɗaure kaya, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya sa takalmi ya zaga tsakar gida, ya cire, ya duba ƙasansa ko ya fara cinyewa.

Suwaiba ta ce, "Ka bar kayan nan haka. Yi alwala, ka karanta abin da ya sawwaƙa, ka kwanta ta dama ka rufe ido. Hanya ba gudu za ta yi ba."

"Wannan dabarar mata ce da yara. Ni barci umarni nake ba shi."

Bayan isha ya kwanta ya ba shi umarni. Barci bai zo ba. Da ya rufe ido sai ya ga kansa a gaban ayari, tuta na kaɗawa, mutanen ƙauyuka na fitowa kallo. Ya juya dama, ya juya hagu, ya mai da kai wajen ƙafa. Can ya tashi ya ce ciki ne bai cika ba. Suwaiba ta ɗumama masa sauran tuwon dawa, ya tashi da shi tas, ya koma ya kwanta. Yanzu ga ɗoki ga nauyin ciki.

Ya zura riga ya fita wajen Sani, wanda ke shirin kwashe tebur.

"Halan rumbun ne ya ƙi buɗuwa?" in ji Sani.

"Rumbu na nan lahiya lau. Ɗan abin ɗumi nake so. Haɗo mani shayi mai kauri, ka zuba garin kofin nan da yawa."

"Kofi kuma? Ai shi ke korar barci."

"Barcin talaka yake kora. Turawa da dare suke shan shi, ka taɓa jin Bature ya makara?"

Sani ya zuba masa yadda ya ce. Babaji ya shanye, ya ɓare goro ya bi da shi, wai don ya kwantar da kofin.

Da ya koma gida idanunsa sun zama kamar fitilar mota. Ya ce to, gajiya ce babu, bari ya nemo ta. Ya ɗora kaya a ka, ya saɓa tuta, ya riƙe sanda, ya shiga zagaya tsakar gida cikin duhu, don an ɗauke wuta. Yana tafe yana gaisawa da mutanen ƙauyukan da zai wuce: "Lahiya lau, daga Katsina muke. A'a, ba gajiya." A zagaye na ban san nawa ba sandar tuta ta sarƙe igiyar shanya, ya yi baya, ya zauna daɓas a kan akurkin kaji.

Zakaran Suwaiba ya fito a firgice, ya haye katanga, ya yi cara. Na maƙwabta ya amsa. Kafin Babaji ya miƙe, zakarun unguwa duk sun ɗauka. Tsohon ladan, wanda aka ja wa kunne kada ya makara saboda matafiya, ya zabura ya lalubi hanyar masallaci ya fara kiran assalatu. Sai ga mutane na fitowa da butoci suna miƙa, masu ziyara har da kayansu a ka.

Malam Muhyiddeen ya fito ya haska agogonsa da tocila. Ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya sake haskawa.

"Jama'a, dare ko rabawa bai yi ba. Wa ya ta da zakaru?"

Ba a sha wahalar nema ba. Babaji na tsaye a ƙofar gidansa, tuta a kafaɗa, gashin kaza a kan hularsa.

"Gwaji ne, Malam," in ji shi. "Na ga ko ayari a shirye yake. Alhamdu lillahi, kun yi ƙoƙari."

Wata tsohuwa daga bayan katanga ta ce in ya sake gwada su, da muciya za ta fito. Malam Muhyiddeen ya yi ajiyar zuciya. "Malam Babaji, don girman Allah ka je ka kwanta. In kai ba ka iyawa, ka bar bayin Allah su yi."

"Ni ba na iyawa? Ajiya gare ni ta mako guda."

Suwaiba ta riƙo hannun rigarsa a zaure, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, rantsuwa fa ka yi. In ka kwana haka, gobe a hanya za ka faɗi. Shigo ka kwanta, ko barcin bai zo ba jiki ya huta."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma mutane ba su gama watsewa ba, kuma ya ji dariyar Sani. Sai ya janye hannunsa.

"Gidan ne ya yi mani ƙunci. Bakin ƙofa zan je in jira su. In sun zo su tarar da jagora a tsaye."

A bakin ƙofa ba kowa sai wata babbar mota da aka loda wa buhunan takin zamani, an lulluɓe da tamfol. Babaji ya kafa tuta ya tsaya kamar soja. Ba a jima ba iska ta taso, yayyafi ya sauko. Ya duba dama da hagu, ba rumfa a kusa. Ya ce bari ya fake kafin ruwan ya ɗauke, kada tutar Malam ta jiƙe. Ya kama ƙarfe ya haye, ya kutsa ƙarƙashin tamfol, ya jingina da buhu. Wurin da ɗumi, ruwa na sauka bisa tamfol a hankali. Ya ce a ransa shi dai ba barci zai yi ba, jira yake. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Da asuba ayari ya taru, ba jagora ba tuta, motar ma ba ta nan. Aka duba masallaci, aka duba rumfa, aka leƙa har kwalbati. Suwaiba ta fito da mayafi a karkace, idonta ya yi ja. Malam Muhyiddeen ya kwantar mata da hankali, ya bar mutane su ci gaba da cigiya, ayari ya kama hanya jiki ba ƙwari.

Shi kuwa Babaji zafin rana ne ya tashe shi. Ya yaye tamfol ya diro, yana shirin yi wa ayari faɗan makara. Sai ya ga ba ganuwa, ba teburin Sani. Ga wata ƙatuwar kuka, ga rijiya, ga 'yar ƙubba an shafe ta da farar ƙasa. Ƙafarsa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ya ɗan matsa gaba ya tarar da wani dattijo yana alwala.

"Baba, wane gari ne nan?"

"Rijiyar Malam." Dattijon ya dubi tutar. "Wannan ba tutar Katsinawa ba ce? Ai sai gobe da yamma muke sa ran ku. Yaushe ka baro birni?"

Babaji ya waiga ya dubi motar. Direba ba ya ciki. Ya dubi dattijon.

"Jiya da dare ina Katsina."

"Da ƙafa ka zo?"

"To, Baba, da mi Allah ya halicce ni?"

Dattijon ya ajiye buta ya yi salati. Ya kira wani, wani ya kira wani. Kafin azahar ƙauye ya ɗauka cewa an naɗe wa wani bawan Allah ƙasa, ya yi tafiyar yini biyu cikin dare guda. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin kuka. Aka kawo fura, aka yanka kaza. Mata suka jero da jarirai a yi masu tofi.

Da farko Babaji sunkuyar da kai yake yi, yana cewa, "Ikon Allah ne." Da kaza ta biyu ta sauka sai baki ya buɗe.

"Ina ɗaga ƙafa sai in ga gari ya wuce. In sake ɗagawa, wani ya wuce. Wani ƙauyen ma ban samu na yi masu sallama ba."

"Takalmin fa, Malam?" wani ya tambaya.

"Sauri ne ya cinye shi."

Washegari da la'asar ayari ya iso, ƙafafu a kumbure, riguna duk taɓo. Sani na cikinsu, yana ɗingishi da sanda. Suka ga taro a gindin kuka, suka ga koriyar tuta a kafe, suka ga Babaji a kan buzu yana tofa wa wani jariri addu'a, maiƙo na ƙyalli a gemunsa.

Malam Muhyiddeen ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Alhamdu lillahi, kana da rai. Ka san halin da ka bar iyalinka a ciki?"

Babaji ya ɗan sunkuyar da kai, amma dattijon nan ya riga shi magana. "Malam, ashe da irin wannan bawan Allah kuke zaune ba ku faɗa mana ba? Ƙasa aka naɗe masa."

Sani ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafunsa. "Waliyyi, ga tawa. Mu ga taka."

"Ba a nuna wa kowa."

"Ai ga ta nan muna gani. Ko ƙaya ba ta taka ba. Ƙafar amarya ma ta fi ta wahala."

"Wanda aka naɗe wa ƙasa ina zai ga ƙaya? Sani, abin da ya fi ƙarfin shayi ka bar shi."

Mutanen ƙauye suka gyaɗa kai, har wani ya harari Sani. Da a nan aka tsaya, da Babaji ya sha. Sai ga wani ƙaƙƙarfan mutum, hannu duk baƙin mai, ya ratso taro yana sallama. Lawal ne, direban motar taki. Tun jiya yake ƙauyen, ya sauke kaya ya duƙufa kan injinsa.

"Jama'a, a gafarce ni. Cigiya nake. Wa ke da wannan?" Ya ɗaga takalmin roba ƙafa guda. "Tsakanin buhuna na tsince shi, da ɓawon goro."

Idanu dai suka sauka kan ƙafar Babaji, wanda ke ƙoƙarin tura ta ƙarƙashin buzu.

Lawal ya bi idanun jama'a, ya dubi takalmin hannunsa, ya dubi ɗan'uwansa da ke ƙafar Babaji. Sannan ya ce, "Ashe kai ne. Bawan Allah, ka san wahalar da ka ba ni? Tun daga Ƙofar 'Yandaka nake jin wani gurnani a bayan mota. In na taka ya ƙaru, in na tsaya ya ƙi tsayawa. Na ce injin ne. Na tsaya cikin ruwa na buɗe, ban ga komai ba. Tun jiya nake kwance shi ina ɗaurawa. Ashe minshari ne."

Sani ne ya fara dariya, ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. Ayari ya ɗauka, gajiya ta bi iska. Matar da ke riƙe da jaririn ta sa gefen zane ta goge masa goshi. Dattijon ya sunkuya a hankali ya janye kwanon kazar daga gaban Babaji.

"Ni fa ban ce ban hau mota ba," in ji Babaji. "Tambayata aka yi da mi Allah ya halicce ni."

"Garuruwan da ke wucewa in ka ɗaga ƙafa fa?" in ji Sani.

"To, ba su wuce ba?"

Malam Muhyiddeen ya bari aka gama dariya, shi ma yana goge ido da gefen rawani. Sannan ya sa Babaji ya nemi gafarar mutanen gari, ya nema, suka yafe, har da mai kaji. Aka yi ziyara, aka yi addu'a. Da aka idar Malam ya kira shi gefe, amma inda kowa ke ji.

"Saura rantsuwa. Ka ce da ƙafarka za ka taka, kuma ba ka taka ba. Mu bisa al'ada a mota muke komawa, ga Lawal ya yarda ya kwashe mu. Kai kuma hanya na nan yadda ka bar ta. Ka taka ta zuwa gida, in ka isa ka zo mu duba maganar kaffara."

"Ni kaɗai, Malam?"

"Akwai masu kai shanu kasuwa, gobe za su tashi. Ka bi su. Tutar kuma kawo ta nan."

Da safe motar ta wuce shi a bayan gari, yana tafe a bayan shanu, takalmi ƙafa biyu. Lawal ya rage gudu. Sani ya leƙo daga sama.

"Waliyyi, mi za a ce wa mutanen gida?"

"Ka ce wa Suwaiba ina lahiya," in ji Babaji. "Ka ce mata kuma na ƙi mota."

Sai da ya kwana biyu a hanya, don shanu ba sa sauri, shi kuma ya fi su rashin sauri. Ya shigo Ƙofar 'Yandaka da hantsi, sanda na riƙe da shi, ƙafafu kamar an hura. Ya bi ta bayan layi don kada majalisa ta gan shi. Suwaiba na jin sallamarsa ta fito zaure. Ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa ta karɓi gorar.

"Sannu da hanya, Malam."

Ya zauna a dakalin zaure ya jingina da bango. "Suwaiba, bari in ba ki labari. Kin san shanun nan, ba don ni ba da sun ɓata. Tun da muka fito na ce masu…"

Ta jira ta ji abin da ya ce masu. Kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Ta durƙusa ta zare masa takalmi, ta kawo ruwan ɗumi ta sa ƙafafun a ciki, ko motsi bai yi ba.

Ba a jima ba sai ga Sani da 'yan majalisa a ƙofar gida, kowa da tambayar da ya tanada. Suwaiba ta leƙo ta bayan labule, ta sa yatsa a baki.

"Ku dawo jibi," ta ce. "Waliyyi ya shiga halwa."